Sunan da Inna Sahura Ba Ta Faɗa

Daga ƙetaren teku, watan Oktoba

Zuwa ga taubashiyata Ummuhani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ina gajiyar komawa koyarwa a lakwal? Yaya mutanen Sukukutane, Inna Sahura da Kawu Gambo? In kin samu mai zuwa ruga ki aika musu da gaisuwata. Ni lafiyar jiki alhamdu lillahi.

Na san za ki yi dariya ki ce mai aikin kwamfuta ya koma lasar ambulan. Yi dariyarki. An yanke mini layin waya, an rufe mini akwatin saƙo na wurin aiki, shi ya sa na koma gidan waya, ina aiko miki ta akwatin lakwal ɗinku.

Kin daɗe kina tambayata wane irin aiki nake yi, ina ce miki ba za ki gane ba. Yau dole ta sa in yi miki bayani. Ma'aikatarmu ɗinke bayanai take yi. Rijiyoyi, asibitoci, makarantu, kasuwanni, kowane abu ana ba shi adireshinsa guda a yanar gizo, sai a ƙulla wannan da wancan, a buɗe wa kowa. Mutum yana zaune a ɗakinsa zai ga rijiyar da ta fi kusa da likitar Tibiri, wato asibitinsu, da ƙauyukan da ke sha a cikinta. Amma abin da ya shafi mutane, sunayensu da iyayensu da ciwonsu, wannan yana bayan ƙofa. Ni aikina ƙofar ce: wa zai shiga, da wace shaida, ta wace hanya da ba mai leƙe.

To, irin ƙofar nan ce ta rufe ta bar ni waje. Na je sabunta takardar zama. Ashe yanzu rajistocin gida ma an ɗinke su, na haihuwa da na lakwal da na asibiti, biron shige da fice na nan, wato ofishinsu, kuma yana tambayarsu kai tsaye. Na haihuwa ya ce Rashidu ɗan Mustafa, uwarsa Sahura, an haife shi a Sukukutane. Na lakwal ya ce uwarsa Karima, Dogon Dutsi. Kin san yadda aka yi. Ranar da mahaifiyarki Goggo Karima, Allah ya ji ƙanta, ta kai mu a rubuta mu ni da ke, mushe, malamin lakwal, ya ce ina uwar wannan yaro, ta ce ga ta tsaye. Ba ta yi ƙarya ba, ita ta riƙe ni tun yaye. Sai dai rajistan asibiti ya nuna ta haife ki a shekarar da aka haife ni, ƴan watanni tsakani, na'ura kuwa ta iya lissafi. Ta ce ko dai ɗaya daga takarduna ta jabu ce, ko kuma ni ɗin ne na jabu. Sun riƙe fasfona.

Mafita guda ce. Baba ya rasu, Goggo ta rasu, saura Inna. An ce akwai biro a Dogon Dutsi mai ɗakin tantancewa. Za a zaunar da ita gaban na'ura, ma'aikaci daga nan ya yi mata tambaya ta hanyar da aka kulle, ta tabbatar ita ta haife ni. In ta yi, a mayar mini da fasfo. In ba ta yi ba, ba zama, ba tafiya, ko gida ba zan iya zuwa ba. Don Allah ki je ki nemo mana rana.

Naki,
Rashidu

Dogon Dutsi, watan Nuwamba

Zuwa ga Rashidu mai gadin ƙofa,

Takardarka ta iso, a tsaye na karanta ta cikin filin lakwal. Muna lafiya. Gero ya yi bana gwargwado, wake ne tsutsa ta taɓa. Kawu Gambo ya shigo ranar kasuwa da tumaki, ya ce shanu lafiya, Inna ce ƙafa ke damu, amma ba ta fasa tatsa ba.

Dariya kam na yi. Ashe duk wannan karatu gadi ka je yi. Da ka faɗa tun farko da mun samo maka a ƙofar likita, ga shi kusa da gida, har sanda za su ba ka. Amma da na kai ƙarshen takardar dariyar ta gushe. Ni da kai akushi ɗaya muka ci tuwo, bulalar mushe ɗaya muka sha, yau a ce ba a san ko kai wane ne ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ranar ko darasin lissafi ban yi wa yara da kyau ba.

Na je biron. Mai kula da ɗakin wata ce Madam Bernadette ta unguwar mishan, mace mai haƙuri, ɗanta ya taɓa zama ajina. Ta nuna mini wurin. Kujera ɗaya ce, da allon na'ura, da wata ƴar fitila da ke yin kore in hanya ta buɗe. Ta ce ba mai shiga da Inna. Ita kanta tana kunna na'ura, ta duba katin Inna da yatsanta, sai ta fito ta ja ƙofa, saboda sirrin mai shaida. Tafinta mai juya magana ma daga can yake. Abin da aka faɗa a ciki kuwa nan take ake hatimce shi, ba mai gogewa, ba mai ƙarawa. An ba mu rana a farkon Janairu.

Yanzu ka gaya mini abin da zan shirya ta a kai. Ka san Inna ba ta taɓa zama gaban allo ba. Wayar Kawu ma in ta yi ƙara da hannu biyu take miƙa masa, kamar ta ɗauko garwashi.

Yara na gaishe ka. Ƙaramar ta ce in tambaye ka ko a can ma akwai fara.

Taka,
Ummuhani

Daga ƙetaren teku, ƙarshen Nuwamba

Ummuhani,

Na gode, Allah ya bar zumunci. Ki gaida kowa, ki ce wa ƙaramar ba fara a nan, shi ya sa mutanen ba su da fara'a irin tamu. Ƙafar Inna a kai ta a duba in ta shigo gari.

Game da shiri, don Allah kada ki koya mata komai. Ma'aikatan nan sun saba da shaidun da aka yi wa hadda. Da sun ji magana tana fitowa a jere kamar karatun ƴan aji, sai su rubuta cewa an shirya mai shaida, shi ke nan an gama da ni. Shi ya sa ni ma ban ari wayar wani na kira Kawu ba. In aka gano na yi magana da ita kafin ranar, shaidar ta lalace. Ki bar ta ta amsa yadda ta saba. Gaskiya ce a hannunmu, ba mu da abin ɓoyewa.

Kullewar da ake yi wa ɗakin kada ta ba ki tsoro. Don kare ta aka yi. Akwai tsofaffin da ake tsayawa a kansu a sa su faɗi abin da ba su yi niyya ba, akwai kuma masu satar jin sirrin mutane su sayar. Ni da kaina na sha yin gardama a wurin aiki cewa a hana kowa shiga.

Naki,
Rashidu

Dogon Dutsi, watan Disamba

Rashidu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai tarin yara.

Na ga saƙonka, na kuma ji. Amma wani abu ya hana ni sukuni tun da na ninke takardar. Ka ce a bar ta ta amsa yadda ta saba. Ka daɗe a can ne har ka manta kai ɗan fari ne? Yadda Inna ta saba shi ne ba ta kama sunanka. Tun muna yara in Goggo ta kai mu ruga hutu, ni take ja a jiki, kai kuwa sai ta kau da kai, ta miƙo ƙwaryar nono ta hannuna ta ce in ba wancan. Sa'ad da ka ci babbar jarrabawa mata suka je yi mata barka, cewa ta yi su je su yi wa Karima. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta, mutanen ruga kuma sun fi kowa riƙe ta.

Na tambayi Madam Bernadette ko za a ce ta faɗi suna. Ta ce ba ta san tambayoyin ba, ita ma ba a nuna mata. Ina tsoron in yi wa Inna magana in ɓata maka shaida, ina kuma tsoron in yi shiru. Kai ka san aikinku. In amsarka ba ta zo kafin ranar ba, zan bi abin da ka rubuta.

Taka,
Ummuhani

Daga ƙetaren teku, ƙarshen Disamba

Ummuhani,

A gaggauce nake rubutu, ki yafe gajeruwar gaisuwa. Allah ya ba yara lafiya.

Ba haka nake nufi ba. Abin da na ce kada a koya mata shi ne shekaru da watanni da sunayen wurare. Ban ce kada a gaya mata abin da zai kawo ta ba. Wallahi kunyar nan ba ta faɗo mini a rai ba. Na daɗe ina rubuta Sahura a gurbin uwa, har na ɗauka abu ne da kowa zai faɗa da baki. Za su ce ta faɗi sunana, za su ce ta faɗi abin da nake gare ta. Ki je ruga ki zauna da ita, ki ce mata wannan karon kaɗai ne, ɗakin a rufe yake, ba wanda ya san ta da zai ji.

Rashidu

Dogon Dutsi, watan Janairu

Zuwa ga Rashidu,

Ina fata kana lafiya. Mu lafiyar jiki lau.

Takardarka ta ƙarshen Disamba ta iso hannuna bayan an gama komai. Ta kwanta a gidan waya lokacin hutu, makullin akwatin yana wurin daraktan lakwal, shi kuwa ya tafi ƙauyensu.

Kawu ya kawo Inna bisa babur, ta iso da yashi har cikin zane. Wurina ta sauka. Ta zo da man shanu a ƙoƙo wai a ba mutanen biro, da ƙyar na raba ta da shi. Abin da na gaya mata kawai shi ne za a yi mata tambaya kan iyali, ta faɗi gaskiya. Ta ce ita ba ta san wani abu ba bayan gaskiya.

Katinta ya yi, yatsanta ma ya yi bayan an goge shi da ruwa. Fitila ta yi kore, aka ja ƙofa. Ba ta daɗe ba ta fito tana gyara lulluɓi. A hanya na yi ta lallaɓarta har ta buɗe baki.

Ta ce, "Wani yaro na cikin madubin, da wani mai juya magana. Sunka gwada mini hoto."

Na ce, "Hoton wa, Inna?"

"Na wancan."

"Me suka ce?"

"Wai in hwaɗi sunanai. Nic ce su tambayi Ummuhani, tana waje. Sunka ce a'a, ni za ni hwaɗi. Niy yi shiru. Sa'annan sunka ce, to ɗan wa na? Nic ce ɗan Karima na."

Na zauna a bakin shagon wani tela. Na ce, "Inna, ba su tambaye ki wa ya haife shi ba?"

Ta ce, "Sun tambaya. Yaro sa'an ƙanen wancan, shina dubana cikin ido shina tambayata haihuwa. Nic ce mai, Allah shi ka ba da haihuwa."

Ba ta san abin da ta yi ba. Ta koma ruga tana ganin ta kare mutuncinta a gaban baƙi, har tana yabon ladabin mai juya maganar. Ban gaya mata ba. Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina, ita kaɗai ce na kasa jin haushinta. Ka gaya mini abin da ya rage.

Taka,
Ummuhani

Daga ƙetaren teku, watan Maris

Ummuhani,

Ina gaisuwa. Ina fata azumi ya zo muku da sauƙi. Ni ina nan, na ɗan rame, amma ba ciwo.

Na daɗe ban amsa ba. Na rubuta miki wasu takardun na yaga, don abin da ke cikinsu bai dace da ke ba. Ke abin da na rubuta kika bi.

Sun kira ni sun karanta mini shaidar da harshensu. Mai shaida ta ƙi ambaton sunan mai nema, ta kuma ce ɗan wata ne. Na yi musu bayanin kunyar ɗan fari. Matar da ke riƙe da batuna ta saurara da kyau, har ta ce abin sha'awa ne, amma ba ta da gurbin da za ta sa shi. Na san gaskiyarta. Irin gurabun nan ni ma na sha zana su, kuma uku ne kawai: i, a'a, babu amsa.

Wurin aiki sun karɓe makullina na shiga na'ura. Wanda ba a tabbatar da ko shi wane ne ba, ba ya tsaron ƙofa. Na bar ɗakina, ina raɓe wurin wani ɗan Tibiri mai aikin gini, Kabiru, mutumin kirki, sai dai munshari. Na tambayi gwajin jini, aka ce ba a karɓarsa sai ƙara ta kai gaban alƙali. Layin kuwa shekara biyu ba ta ishe shi ba, kuma ba a waje ake jira ba, akwai gidan da suke tsare irinmu. Abin da lauyan taimako ya iya samo mini shi ne zama na biyu. Shi ne na ƙarshe.

Na san al'ada ce, Ummuhani. Na san ba ƙi ba ne. Amma da matar nan ta karanta mini ɗan Karima ne, a ɗakin da ba wanda ya san Karima, sai da idona ya cika. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, ban kuma taɓa damuwa ba sai ranar.

Wannan karon ki gaya mata komai. In sun ce an shirya ta, su ce.

Naki,
Rashidu

Dogon Dutsi, watan Mayu

Zuwa ga Rashidu,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai zafi, bana ya wuce misali. Rijiyar bayan lakwal ta ƙafe. Ƙafar Inna ta ƙara kumbura, lokotoron da ya duba ta ya ce zuciya ce ke tara mata ruwa.

Na je ruga da hutu. Na same ta a inuwar bukka tana burga nono. Na gaya mata komai, ban rage ba: fasfon, da aikin, da gidan tsarewar. Ta ajiye maburgi.

Ta ce, "Kina nuhin maganata ta ɗaure shi?"

Na ce, "Ita ce, Inna."

Ta ce, "Uwata ba ta kama sunan yayana ba har ta koma. Ni ma haka nit tashi. Ran da Karima taz zo ɗaukatai, ina bayan bukka ina tatsa. Ina jin kukanai har sunka yi nisa, ban ɗago kai ba, don kada a ce. Saniyar ta ƙare nono ina ta jan hantsa."

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka a kanka ba. Can ta ce, "In nih hwaɗa za su sake shi?" Na ce haka suka ce. Ta ce, "To a kai ni." Kawu ya gaya mini bayan na tafi ta riƙa zuwa bakin rijiya ita kaɗai, in ya hango ta bakinta na motsi.

Ranar zaman mun isa da wuri. Katinta ya yi, yatsa ya yi, fitila ta yi kore. Bernadette ta ja ƙofa, muka zauna kan benci. Muna jin gunjin muryar ma'aikacin ta cikin katako, ya gaishe ta, ya fara tambaya, sai wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya. Bernadette ta ruga bayan biro ta tada janareta. Ni ina nan zaune, ba ni da izinin taɓa ƙofar. A cikin shirun nan na ji Inna. Ta faɗa, Rashidu. Da kunnena na ji. Ta faɗi sunanka, ta ce ita ta haife ka. Ba wanda ya gaya mata cewa in allo ya yi baƙi mutanen sun tafi.

Da wuta ta dawo fitilar ta tsaya a ja. Bernadette ta yi ta kashewa tana kunnawa, zufa na ɗiga a kan tebur. Kwanan watan da ke jikin na'urar ya koma shekarun baya, tun kafin a gina biron, kuma na'urar ta rubuta wai tata shaidar ba ta fara aiki ba tukuna. Kafin mai gyara ya iso daga Doso lokacinmu ya wuce. Bernadette ta rubuta da hannunta abin da ya faru, ni ma na rubuta abin da na ji, ta buga hatimin biro. Ga su nan cikin ambulan. Matar nan har kuka ta yi, ta ce za ta sa ka a addu'ar cocinsu.

Inna ta fito fuskarta a rufe, ba ta dubi kowa ba, ta ce wa Kawu a tafi. Sai da ta hau babur ta juyo ta tambaye ni yaushe wancan zai iso. Na ce sai sun gama takardu.

Taka,
Ummuhani

Daga gidan tsarewa, watan Yuli

Ummuhani,

Ina gaishe ki da kowa. Allah ya ba Inna sauƙi. Adireshina ya canja, ki duba bayan ambulan. Kabiru ne ya kawo mini takardarki.

Abin da ya samu na'urar ba baƙo ba ne a gare ni. Akwai wani ɗan batir a cikinta, bai fi maɓallin riga ba, shi ke riƙe mata agogo in wuta ta ɗauke. Zafi ya kashe shi. Kafin kalma ɗaya ta wuce, na'urorin biyu sukan gaisa, kowace ta nuna wa ƴar'uwarta shaidarta mai kwanan wata. Wadda agogonta ya ɓata ba a yarda da ita, domin ɓarawo yakan mayar da agogo baya ya shiga da tsohon makulli. Dokar daidai take. Da za a tambaye ni yau, cewa zan yi kada a taɓa ta. Wannan ne ya fi ci mini rai, ba ni da wanda zan zaga.

Lauya ya kai takardunku. Sun karɓa da ladabi, sun maido da ladabi. Abin da bai bi ta kullalliyar hanya ba, ba shaida ba ne, ko da hatimi goma. A wurinsu an rubuta cewa zama ya buɗe, an yi wa mai shaida tambaya, babu amsa. Zama biyun sun ƙare.

Nan ba a duka, ana ba da abinci, akwai fili mai shinge da muke zagayawa. Ba za su mayar da ni gida ba, don a rajista ba a tabbatar gidan nawa ne ba. Ba kuma za su bar ni in fita ba. Akwai wanda na tarar a nan, shi ma alƙalin yake jira, ya ce ya daina tambaya. Na karanta abin da lokotoro ya faɗa miki game da zuciyar Inna, na kuma san tsawon layin. Ba sai mun yaudari juna ba.

Kada ki ƙara kai ta biro. Kada kuma ki gaya mata bai shiga ba. Ki gode mini Madam Bernadette.

Abu ɗaya nake roƙo. Kin ce ta faɗa, ba ki ce yadda ta faɗa ba. Ki rubuto mini shi duka, kada ki gyara komai.

Naki,
Rashidu

Dogon Dutsi, watan Agusta

Zuwa ga ɗan'uwana Rashidu,

Ina gaisuwa. Ruwa ya sauka sosai, gero ya kai ƙugu. Yara lafiya. Bana Inna ba ta bi shanu arewa ba, ƙafa ta hana, na ɗauko ta tana ɗakina. Tana cin abinci kaɗan. Ban gaya mata ba. Ta sa Kawu ya ware ɗan bijimi ya bari a gida, wai na saukar baƙo, ni kuma ban hana ba.

Ga abin da ka tambaya, yadda na ji shi ta bayan ƙofa.

Da farko a hankali ta faɗa, kamar mai taɓa ruwa ta ji zafinsa. "Rashidu." Na ji ta yi gyaran murya, sai ta ce, "Ni Sahura, ni nih haihe shi. Ran Talata ta, ana ruwa. Shi na na hwari." Na ɗauka ta gama.

Sai ta ɗaga murya. Ba irin ta mai amsa tambaya ba, irin wadda ake kiran yaron da ya yi nisa da shanu. Ta ja ƙarshen sunan har sai da numfashinta ya tsinke. Ta saurara. Ta sake kira. Na ji kujera ta motsa, ta matsa kusa da allon, ta ce, "Shina ji na? Ku ce mai shi amsa."

Ta daɗe tana jira. Daga nan janareta ya tashi, ban ƙara jin komai ba.

Taka,
Ummuhani